Gaskiya ko Jita-jita: Tiyatar Kumburin Babbar Jijiyar Ciki ga Tsofaffi Masu Rauni

Duk jinin da zuciya take tura wa jiki ta jijiya ɗaya yake fita, wadda likitoci suke kira awota. Tana tashi daga zuciya, ta lanƙwaso cikin ƙirji, ta gangara ta bayan hanji tana jingine da ƙashin baya, har ta kai daidai cibiya, inda take rabuwa biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa guda. A wannan sashe na ciki, faɗinta ga babban mutum bai cika wuce santimita 2 ba. Idan bangonta ya yi rauni, bugun jini yakan riƙa buɗa shi sannu a hankali, kamar yadda tiyub ɗin keke yake yin ƙullutu a wurin da ya sirance. Daga santimita 3 zuwa sama likita zai ce akwai kumburi, abin gudu kuwa shi ne ranar da bangon zai tsage.

Lalurar ta fi samun waɗanda suka haura shekara 65, kuma a nan wahalar take. Wanda jijiyarsa ta kumbura, sau da yawa shi ne wanda zuciyarsa ta gaji, huhunsa ya sha hayaƙin taba shekara da shekaru, ƙodarsa ta fara ja da baya. Ana son a gyara masa jijiya, ana kuma tsoron gyaran ya zama sanadin ajalinsa. Iyalin da suka shiga wannan hali sukan saurari duk wanda ya zo musu da magana. Yawancin maganganun ba da mugun nufi ake yaɗa su ba, kowace tana riƙe da ɗan guntun gaskiya, shi ya sa take shiga rai. Bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

"Da akwai wani abu a cikinsa, da ya ji a jikinsa"

Mun saba auna cuta da zafinta, domin yawancin cututtukan da muka sani, daga zazzaɓi zuwa ciwon haƙori, suna zuwa da sallama. Wannan kuwa shiru take zuwa. Kumburin yakan riƙa ƙaruwa da kimanin milimita 2 zuwa 3 a shekara, mutum yana cin abincinsa, yana zuwa gona ko kasuwa, bai san komai ba. Jijiyar tana can ƙuryar ciki, inda take da sararin faɗaɗa ba tare da ta danne wani abu ba. Wasu sukan ji abu yana bugawa kusa da cibiya idan sun kwanta rigingine, amma wannan ma ba hujja ba ce, domin siririn mutum mai ƙoshin lafiya yana iya jin bugun jijiyarsa. Galibi ana gano kumburin ne a kan hanya: an je sikanin saboda ƙoda ko matsalar fitsari, sai a ci karo da shi.

Wannan shirun ne ya sa wasu ƙasashe suke neman sa tun bai bayyana ba. A Ingila an yi wani babban bincike mai suna MASS a kan maza 67,800 masu shekara 65 zuwa 74, aka gayyaci rabinsu zuwa sikanin. Sakamakon da aka wallafa a 2002 ya nuna mace-macen da kumburin yake haddasawa sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka gayyata. Daga 2009 hukumar lafiya ta NHS ta fara kiran maza masu shekara 65 domin a duba su. A Amurka ana shawartar duk namiji mai shekara 65 zuwa 75 da ya taɓa shan taba ya yi sikanin sau ɗaya. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita a asibitocinmu ita ce dai take wannan aiki, cikin 'yan mintoci, ba allura ba yanka. Gani ya kori ji.

"Ciwon Turawa ne, kuma na maza kaɗai"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna an fi samun kumburin a jikin farar fata fiye da baƙar fata, kuma maza sun ninka mata sau da yawa. Amma ƙarancin abu daban, rashinsa daban. Babban abin da yake raunana bangon jijiyar shi ne taba sigari, sai tsufa, sai hawan jini, sai gado: wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi wannan kumburi, haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tsaya a bakin iyakar wata ƙasa. Likitocin Afirka ta Kudu ma sun ba da rahoton kumburin jijiyoyi a jikin masu ƙananan shekaru da ke ɗauke da cutar ƙanjamau, kuma wasu ƙwayoyin cuta suna iya kama bangon jijiya su ɓata shi.

Abin da ya sa muke ganin kamar babu cutar a cikinmu shi ne yadda take kisa. Dattijo ya yi ƙorafin ciwon baya ko ciwon ciki da hantsi, kafin azahar rai ya yi halinsa, an yi masa sutura kafin magariba. Ba a yi sikanin ba, ba a binciki gawa ba. Wani ya ce olsa ce, wani ya ce zuciya ce, wani ya ɗarsa sammu a ransa. Abin da ba a auna ba, ba ya shiga lissafi.

Mata kuwa, ko da yake ba su cika kamuwa ba, idan sun kamu jijiyarsu ta fi saurin fashewa a kan ta namiji mai kumburi daidai da nasu. Shi ya sa ake fara maganar aiki da wuri a wurinsu.

"Da zarar an gano kumburi, dole a yi aiki nan take"

Wanda aka gaya masa cewa jijiyar da ke cikinsa tana iya fashewa, ba abin mamaki ba ne ya ce a cire masa wannan fargaba yau ɗin nan. Likitoci ma sun taɓa tunanin haka, har aka gwada. A Birtaniya an raba mutum 1,090 masu kumburin santimita 4 zuwa 5.5 gida biyu: an yi wa wasu tiyata da wuri, an bar wasu ana bin su da sikanin. Sakamakon 1998 ya nuna tiyatar da aka yi da wuri ba ta ƙara wa kowa kwana ba. Kusan mutum 6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun rasu cikin wata guda, alhali a ɓangaren da ake sa wa ido, fashewa ba ta wuce kimanin mutum 1 cikin 100 a shekara ba. Wani binciken da aka yi a kan tsofaffin sojojin Amurka, mai suna ADAM, ya zo da irin wannan sakamako a 2002.

Daga nan aka samo ma'aunin da ake amfani da shi yau: ana fara maganar gyara ne idan kumburin ya kai santimita 5.5 ga namiji, ko kimanin 5 ga mace, ko ya ƙaru da fiye da santimita 1 a shekara, ko ya fara ciwo. Ƙasa da haka, haɗarin wuƙa ya fi haɗarin jira. A tsarin Ingila, mai kumburin santimita 3 zuwa 4.4 yana komawa sikanin sau ɗaya a shekara, mai 4.5 zuwa 5.4 kuma duk wata uku.

Sama da ma'aunin, labari yakan canja. Wani bincike na 2002 a kan marasa lafiyar da suka ƙi aiki ko jikinsu ya kasa ɗauka ya gano cewa kimanin 1 cikin 10 na masu santimita 5.5 zuwa 6.9 jijiyarsu ta fashe cikin shekara guda, a santimita 7 zuwa sama kuwa kusan 1 cikin 3. Alƙaluman baya-bayan nan sun fi waɗannan sauƙi, amma darasin bai sauya ba: gwargwadon faɗin kumburi, gwargwadon haɗarinsa. Don haka idan likita ya ce a jira, ba sakaci ya yi ba, matuƙar ya sa ranar komawa sikanin. Sakaci shi ne a ƙi komawa.

"Akwai maganin da yake saɓe kumburin ba tare da tiyata ba"

Kalmar kumburi tana sa mu tuna da kumburin ƙafa ko na maƙogwaro, wanda yakan sauka idan an sha magani. Wannan ba ruwa ba ne da ya taru, ba kuma ƙurji ba ne. Zaruruwan da suke ba bangon jijiya ƙarfi ne suka tsinke, kuma har yau ba a tabbatar da wani magani, na asibiti ko na gargajiya, da yake mayar da su ba. An gwada maganin hawan jini mai suna propranolol, bai rage girman kumburin ba. An gwada doxycycline, sakamakon 2020 ya nuna shi ma bai yi ba. Jiƙo da tsimi da ƙaho ba sa kaiwa inda matsalar take, tausa mai ƙarfi a kan cikin da yake bugawa kuwa abin gudu ce.

Abin da yake yaudararmu shi ne jinkirin cutar. Mutum ya sha wani haɗi wata shida, ya koma sikanin aka ce kumburin bai ƙaru ba, sai a yaba wa haɗin, alhali da ma kumburi yakan tsaya cik na ɗan lokaci kafin ya ci gaba.

Wannan ba ya nufin babu abin yi. Daina shan taba yana rage saurin girman kumburin da haɗarin fashewarsa. Saita hawan jini da shan maganin rage kitsen jini, irin wanda ake kira statin, suna kare zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne suke kashe da yawa daga masu ƙaramin kumburi, ba fashewa ba. Akwai kuma gargaɗin da ya shafe mu kai tsaye: a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ja kunne cewa magungunan dangin Cipro suna iya ƙara haɗarin tsagewar awota. Mun san yadda ake sayen su a kemis da sunan taifot. Mai wannan kumburi kada ya sha su sai likitan da ya san halinsa ya rubuta.

"Wanda ya kai shekara 80 ba ya tashi daga tiyata"

Wannan tsoro yana da asali. Tiyatar buɗe ciki babban aiki ne. Ana yanka ciki, a kawar da hanji gefe, a maƙale awota sama da ƙasan kumburin domin tsayar da jini, a tsaga ta, a ɗinka mata bututun yadi na musamman, sannan a saki jini. Maƙalewar da sakin suna jijjiga zuciya, ƙoda takan wahala, huhu ma haka. Charles Dubost ne ya fara yin nasarar wannan aiki a Paris a 1951, da jijiyar da aka ɗauko daga jikin mamaci, daga baya Michael DeBakey da abokan aikinsa a Houston suka yaɗa amfani da bututun yadi mai suna Dacron. Mai wannan aiki yakan kwana mako guda zuwa kwana goma a asibiti, ya yi wata biyu ko uku kafin ƙarfinsa ya dawo. Gaskiya ne kuma haɗarin yana ƙaruwa da shekaru.

Amma shekaru kaɗai ba sa yanke hukunci. Duk mun san ɗan shekara 82 da yake tafiya masallaci da ƙafarsa sau biyar a rana, mun kuma san ɗan 68 da ba ya iya tsallake tsakar gida sai ya tsaya ya huta. Likitoci suna duban abin da jiki zai iya ne: ƙarfin bugun zuciya, aikin huhu, aikin ƙoda, yawan jini, ko mutum yana iya hawa bene ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba, ko yana ramewa, ko yana yawan faɗuwa, ko yana wanka da sa tufafi da kansa, da yadda tunaninsa yake. A wasu asibitoci ana ɗora shi a kan keken motsa jiki a auna iskar da jikinsa yake iya sarrafawa. Ana yi wa masu shekara 80 da ɗoriya wannan gyara a ƙasashe da dama, mafi yawansu kuma suna komawa gida.

Wani abu da yake ƙarfafa jita-jitar shi ne rikicewar tunani bayan aiki. Tsoho yakan farfaɗo yana sambatu, bai gane 'ya'yansa ba, sai a ce allurar barci ta taɓa masa hankali. Wannan sananniyar matsala ce ga tsofaffi bayan babban aiki, galibi takan lafa cikin kwanaki, kuma zaman wanda ya saba da shi a kusa, da mayar masa da tabarau, da samun barcin dare, duk suna taimakawa. Amma a sanar da likita da wuri, domin wani lokaci alama ce ta zazzaɓi ko ƙarancin iska.

"Aikin zamani da ake bi ta cinya ya fi na yanka ta kowace fuska"

A cikin shekarun 1980 Nikolai Volodos ya fara gwada wata hanya a Kharkiv da ke Yukren, sannan Juan Parodi ya yi ta a Buenos Aires ta Ajantina a 1990, daga nan ta bazu duniya. Ana kiranta EVAR. Maimakon a buɗe ciki, sai a bi ta jijiyar matsematsi a tura bututun yadi mai ragar ƙarfe a naɗe, ana kallon tafiyarsa a hoto, a ware shi a cikin kumburin. Jini sai ya riƙa bi ta cikin bututun, bangon da ya yi rauni ya huta. Wani lokaci ko allurar barci ba a yi, sai a kashe wurin kawai. Cikin kwana biyu ko uku an sallami mutum.

Fa'idar farko tabbatacciya ce. A binciken EVAR 1 na Birtaniya, wanda ya ƙunshi fiye da mutum 1,200 da jikinsu zai iya ɗaukar kowanne daga ayyukan biyu, kimanin 2 cikin 100 ne suka rasu a watan farko bayan aikin cinya, a kan 4 zuwa 5 cikin 100 bayan buɗe ciki. Wannan labari ne ya fi yaɗuwa, domin shi ne ya fara fitowa a 2004, kuma shi ido yake gani: wannan ya tashi yana tafiya, wancan yana kwance da ɗinki.

Da aka ci gaba da bin mutanen, sai ratar ta rufe cikin 'yan shekaru. Rahoton shekara 15 da aka fitar a 2016 ya nuna cewa bayan shekara takwas mace-mace sun fi yawa a ɓangaren aikin cinya, musamman saboda kumburin da ya sake fashewa. Sun kuma fi buƙatar a sake yi musu wani aikin. Shi ya sa hukumar NICE ta Ingila a 2020 ta fifita buɗe ciki ga wanda jikinsa zai ɗauka. Ban da haka, ba kowace jijiya ce take karɓar bututun ba. Yana buƙatar lafiyayyen wuri ƙasa da jijiyoyin ƙoda inda zai kama, da jijiyoyin cinya masu faɗin da zai wuce, kuma hoton CT ne yake nuna haka. Ruwan da ake ɗurawa a jini domin ɗaukar hoton shi ma yana iya cutar da ƙodar da ta riga ta yi rauni.

"Tunda akwai aikin cinya, duk tsohon da ya kasa ɗaukar yanka zai amfana da shi"

Wannan ita ce maganar da ta fi kama da gaskiya, domin don irin waɗannan marasa lafiya aka ƙirƙiro hanyar tun farko. Ita ma an gwada ta. Binciken EVAR 2 ya ɗauki mutum 404 a Birtaniya masu babban kumburi, waɗanda likitoci suka ce ba za su jure buɗe ciki ba saboda zuciya ko huhu ko ƙoda. An tsara a yi wa rabi aikin cinya, a bar rabi da kulawar magani. Kimanin 7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun rasu a watan farko. A rahoton farko na 2005, an ƙiyasta kusan kashi biyu bisa uku na dukan mutanen sun rasu cikin shekara huɗu. Rahotannin baya sun nuna aikin ya rage mutuwa ta hanyar fashewa, amma jimillar tsawon rai a ɓangarorin biyu ba ta bambanta ba.

Dalilin a fili yake idan aka natsu. Gyaran jijiya yana toshe ƙofa ɗaya ce, alhali mai raunin zuciya da huhu yana da ƙofofi da yawa a buɗe. An biya farashin aikin tun a watan farko, ribar kuwa sai wanda ya yi shekaru a gaba yake cin ta. Idan sauran cututtukan ba za su bar mutum ya kai lokacin ribar ba, an sha wahala ba tare da an ƙaru ba.

An soki binciken, kuma sukar tana da tushe. Wasu sun rasu suna jiran aikin da aka tsara musu, da yawa daga waɗanda aka ce a bari kuma daga baya an yi musu. Kayan aiki da ƙwarewa ma sun inganta tun daga lokacin. Don haka ba a ce kada a taɓa yi wa mai rauni aiki ba. Abin da aka koya shi ne a riƙa auna abu uku tare: haɗarin fashewa bisa girman kumburi, haɗarin aikin ga wannan jiki, da irin shekarun da sauran cututtuka za su iya bari. Tsoho mai kumburin santimita 8 da matsakaicin ciwon huhu yana iya amfana ƙwarai. Mai santimita 5.6 da zuciyarsa ta kasa, ga wankin ƙoda, ga mantuwa, da wuya aikin ya ƙara masa komai. Wani lokaci kuma ana iya rage raunin kafin aiki: a daina taba, a gyara maganin zuciya, a magance ƙarancin jini, a yi makonni ana motsa jiki, sannan a sake aunawa.

"An sa bututu, an gama"

A aikin cinya ba a cire kumburin, yana nan kewaye da bututun. Jini yana iya sulalewa ya koma cikinsa, ko ta bakin bututun idan bai kama da kyau ba, ko ta ƙananan jijiyoyin da suke buɗewa cikin kumburin. Bututun kansa yana iya zamewa ƙasa yayin da jijiya take ƙara faɗi da tsufa. Wani yoyon ba ya cutarwa, sa ido kawai ake yi, wani kuma yana mayar da haɗarin fashewa sabo. Babu ɗayansu da mara lafiya yake ji a jikinsa. Saboda haka wanda aka yi wa wannan aiki yana buƙatar sikanin ko hoton CT lokaci zuwa lokaci har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan batu ya shafi iyalanmu da suke haɗa kuɗi su kai mahaifi Indiya ko Masar. Likitocin tiyatar jijiyoyin jini kaɗan ne a ƙasashenmu, galibi a asibitocin koyarwa da manyan birane. Kafin a sayi tikiti, a san wanda zai riƙa duba shi idan an dawo, a karɓo cikakken rahoton aikin da sunan bututun da hotunan, a kuma sa kuɗin bibiya cikin lissafi. Ga wanda yake zaune nesa da inda ake ɗaukar hoto, kuma jikinsa yana da ƙarfi, buɗe ciki yana iya fiye masa kwanciyar hankali, domin ba ya buƙatar bibiya mai yawa haka. A tambayi asibitin kuma sau nawa suke yin irin aikin a shekara, domin bincike ya sha nuna cewa inda aka fi yawan yi, an fi samun nasara.

"Idan ta fashe, babu sauran abin yi"

Fashewa mummunan al'amari ne. Idan aka haɗa waɗanda suka rasu a gida da kan hanya da asibiti, kimanin 8 cikin 10 ba sa tsira. Amma sau da yawa jinin yakan fara zuba ne ta baya, inda naman da ke kewaye yake tare shi na ɗan lokaci, kuma wannan jinkiri ne yake ba da damar ceto. A binciken IMPROVE na mutum 613, wanda aka wallafa a 2014, kimanin kashi biyu bisa uku na waɗanda aka shigar sun haye watan farko, ko ta cinya aka tsara bi ko ta buɗe ciki. Waɗanda aka tsara bi musu ta cinya sun fi saurin komawa gida.

Abin da yake cinye lokaci shi ne kuskuren gane alamun. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a baya ko ciki ko kwiɓi, tare da zufa, jiri ko suma, ga mutumin da ya manyanta, ana yawan ɗaukar sa a matsayin tsakuwar ƙoda ko olsa, har a asibiti. Idan an san yana da kumburi, wannan ce kalmar farko da za a faɗa wa ma'aikatan lafiya. Kada a ba shi abinci ko abin sha, kada a tsaya kemis, a nufi babban asibiti mai ɗakin tiyata, a tafi da waɗanda za su iya ba da jini.

"Idan aka ce ba za a yi aiki ba, an sallama shi ke nan"

'Ya'ya sukan ji kamar sun gaza idan ba a yi wa mahaifi duk abin da kuɗi zai iya saya ba, ga kuma tsoron bakin dangi. Wannan ne yake sa a matsa wa likita, ko a yi ta sauya asibiti har a sami wanda zai yarda. Amma barin aiki bayan an auna shi ma magani ne. Ana ci gaba da kula da hawan jini da zuciya da numfashi, ana shirya abin da za a yi idan ciwo ya taso, kuma da yawa daga irin waɗannan tsofaffi wata cutar ce daban take zama ajalinsu.

Albert Einstein misali ne sananne. A 1948 likita Rudolph Nissen ya naɗe masa kumburin da wata leda domin ƙarfafa bangon, tun kafin a iya sauya jijiyar. Ya ƙara fiye da shekara shida yana aikinsa. Da jijiyar ta tsage a Afrilun 1955 aka yi masa tayin tiyata, ya ƙi, ya rasu a Princeton yana da shekara 76. Wani a matsayinsa zai zaɓi a gwada, kuma shi ma bai yi laifi ba. Malamanmu sun sha bayyana cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, haka nan ƙin aikin da amfaninsa bai tabbata ba, ba gajiya da rai ba ne.

Abin da bai dace ba shi ne a yanke shawarar a bayan idon mai jikin. Mukan ɓoye wa tsoho gaskiya don tausayi, alhali shi ya san abin da ya fi so: wani yana son ƙarin shekaru ko da wahala, wani babban burinsa kada ya zama sai an kwantar an tayar. Matuƙar hankalinsa yana nan, a zauna da shi gaban likita a yi tambayoyin da suka kamata. Santimita nawa ne kumburin, kuma yaya saurin girmansa? Mene ne haɗarin fashewarsa a shekara mai zuwa idan an bar shi? Mene ne haɗarin aikin ga wannan jiki, ba ga jama'a gaba ɗaya ba? Idan an yi nasara, zai koma yana yi wa kansa hidima? Wa zai bibiye shi, a ina, da nawa? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma iyalin da suka sami amsarsu za su iya tsayawa a kan duk shawarar da suka yanke, ko aiki ko haƙuri.